Fuka a Ranar Shuka

Bana ruwan farko ya sauka cikin azumi, kamar yadda ya yi shekarar da na rasa ɗana na fari. Tsakanin waccan shekara da wannan, watan azumi ya yi zagayensa: ya bi ta bazara, ya shiga ɗari, ya ratsa kaka da tsakiyar damina, ya komo inda na bar shi. Ni ban iya lissafin shekaru ba. Abin da na sani, ɗiyata Hadiza wadda a lokacin take riƙe da ƙoƙon iri, yau ɗanta Asumana yana aske gemu. Zainabu 'yar maƙwabtanmu ce ke rubuta mini wannan. Na ce mata in na tsaya na yi kuka kada ta ba ni haƙuri, ta ajiye alƙalami ta jira, zan komo.

Ni 'yar wajen Garhanga ce, aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Dewule, a gindin tudun duwatsu. Daminar da ta riga waccan shekara ba ta yi ba. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, iska ta kwantar da shi. Kafin ɗari ya fita rumbunmu ya zama ɗakin kaji. Muna hawa tudu mu tsinko 'ya'yan anza, mu jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sakewa har ɗacin ya ragu, mu dafa mu ci. Wanda ya samu garin rogo daga kasuwar Madawa, ranar ya yi salla. Irin shuka kuwa, maigidana ya zuba shi a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ƙarƙashin gadonsa, don ya san in muna ganinsa za mu ci.

Cikin wannan ɗarin uwar mijina ta rasu. Inna muke ce mata. Ita ta ɗauki ɗana tun ranar da aka yaye shi, shi ya sa duk gari ake kiransa Na-Inna. Haka ake yi a wurinmu. Ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana a gaban mutane sai ta bakin wani. In ya faɗi ya ji ciwo, wata ce za ta ɗaga shi, ke ki kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Ni an yabe ni ƙwarai.

Na-Inna da fuka ya tashi, ciwon nan da ke matse ƙirji har numfashi ya riƙa fito, wanda a likita suke ce wa asma. Inna ce ta san hanyarta. Takan manna kunne a bayansa ta yi shiru, sannan ta ce yau da sauƙi, ko ta ce yau ba inda za shi. In ta taso masa sai ta zaunar da shi a jingine da bango, ta dafa citta da kanumfari, ta sa ɗan man shanu, ta ba shi da zafi yana kurɓa. Ba ya musu da ita. Ko yana tsakiyar wasa in ta ce zo, zai zo yana gunaguni.

A zamanin nan fuka tana ɗaukar ƙananan yara sosai. Kusan kowace unguwa akwai uwar da za ta ce miki nata ya tafi da ita kafin ya yi wayo. Amma ba wanda ke jin tsoronta a kan saurayi. Ana cewa ciwon yara ce, in murya ta fashe gemu ya tsiro sai ta gudu. Na-Inna ya yi damuna biyu ko fiye ba ta taɓa shi ba, sai muka ce ta gudu. Har yau ina mamakin wanda ya fara faɗin wannan magana, da abin da ya gani ya faɗe ta.

Azumi ya kama mu a ƙarshen bazara. Kafin asuba in tashi in dama ɗan abin da ke akwai, wani lokaci dussa ce da ruwa, a sha a yi niyya. Da an idar da salla mata mu kama hanyar rijiya tun ƙasa ba ta ɗau zafi ba. Rijiyarmu mai zurfi ce, guga ya daɗe yana tafiya, ya fito da rabin ruwa rabin laka. Kafin hantsi duwatsun tudu sun fara maido wuta. Da azahar gari ya mutu, kowa na kwance a rumfa da jiƙaƙƙen zane a jiki, zanen ya bushe kafin ka juya. Yawu ya ƙafe, harshe ya yi kamar ɓawon itace. Maza su fito su dubi gabas, su koma su kwanta. Na-Inna shekarar ce ya fara tsayawa sahun manya, bai sha ko ɗaya ba, yana tafiya yana ɗaga kafaɗa. Samari suna da wasansu, duk wanda aka kama ya karya sai su bi shi da waƙa har ƙofar gidansu.

Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta zo gabansa. Ruwa ya sauka da ƙarfi. Ƙamshin ƙasa ya tashi, irin wanda mai yunwa yakan ji kamar ya ɗebi ƙasar ya ci. Yara suka fita tsirara suna buɗe baki sama, mu manya muna jan tuluna ƙarƙashin indararo, leɓe a matse kada ɗigo ya shige ya ɓata mana wuni. Kafin a sha ruwa kwaɗi sun fara kuka a kwari. Maigida ya tono tulun iri, ya fasa lakar, ya zuba hannu a ciki ya daɗe bai fitar ba.

Shuka ba ta jira. In ƙasa ta jiƙa yau, gobe da jibi ne naka, bayan nan sai ka jira wani ruwan da ba ka san ranarsa ba. Da gari ya waye duk ƙauye ya fita. Maza ke gaba da sungumi, kowane taki su sari ƙasa su buɗe rami. Mata da yara na biye, a ɗebi iri da yatsu uku a jefa, a rufe da diddige. Maigida ƙafafunsa sun kumbura saboda wahalar shekarar, sai Na-Inna ya karɓi sungumin. Samarin gonakin da ke kusa suka haɗu da shi, a gama tamu a shiga tasu, ana tsere ana yi wa na baya dariya.

Ni ce ke bin layinsa. Da farko ramukansa a jere suke, tsakaninsu taki guda na namiji, sai na miƙa ƙafa kafin in kai. Da hantsi ya yi, rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tururi ya riƙa tashi yana shiga hanci, zufa ba ta bushewa. Sai na ga na daina miƙa ƙafa. Ramukan sun matso kusa da juna. Na ɗaga kai na dubi bayansa, na ga kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Da iska ta juyo sai na ji fiton, siriri, kamar na tulun da ya tsage.

Da Inna na raye da magana ɗaya ta isa. Ni kuwa ga samari, ga matan maƙwabta, ga ƙannen mijina. Na kira Hadiza na ce ta je ta gaya wa yayanta ya zauna inuwa. Ta je ta komo ta ce ya ce ƙasa ba ta jira. Na matsa wajen maigida na gaya masa a hankali. Ya dogara sanda ya isa wurinsa, ya ce masa ya ajiye ya sha ruwa, Allah bai ɗora wa marar lafiya ba. Wani cikin samarin ya yi dariya ya fara ɗan kiɗa da baki, na waƙar nan tasu.

Na-Inna ya ce, "Baba, in rana ta karkata za ta sake ni. Ka bar ni in kai kan layi."

Bai kai ba. Ya je gindin aduwa ya zauna, hannuwa a kan gwiwa, wuya a miƙe. Na tura Hadiza gida da gudu ta ɗauko ƙullin cittar da Inna ta bari, na hura wuta nan cikin gona da ɗanyen kara mai hayaƙi. Da ruwan ya tafasa aka kai masa, ya kau da kai. Aka yi ta fama. Can sai fiton ya yi shiru. Na ce alhamdu lillahi a raina, na ɗauka sauƙi ne. Lokacin ne ya miƙo hannu ya karɓi ƙoƙon, amma ya kasa haɗiya, ruwan ya gangaro ta gefen bakinsa.

Aka ɗora shi a jaki za a kai shi likita a garin Buza. Kwari ya cika da ruwan jiya yana gudu, suka tsaya a bakinsa suna neman mashiga. A nan ya cika, kafin la'asar. An rufe shi kafin a sha ruwa. Mata suka zo suna ce mini ya yi sa'a, ya tafi da azumi a bakinsa, suna kallon fuskata su ga ko zan riƙe kunyar har ƙarshe. Na riƙe. Washegari muka koma muka ƙarasa shukar.

Daminar ta yi kyau, irin wadda ba mu gani ba da daɗewa. Da hatsi ya tsiro, a layin nan nasa kana iya gani da ido inda shuka ta fara matsuwa, tana ƙara matsuwa, har inda ta tsaya wani ya ci gaba. Lokacin cira maigida ya ce a rage ta don ta yi yawa. Na ce ni zan yi. Ban rage ba. Shi ma bai ƙara magana ba, kuma har ya bar duniya, shekarun baya, ban ji ya tada zancen ranar ba. Ni kam da tsufa ya zo kunyar ta sake ni. Yanzu a ko'ina kuka ya same ni sai in yi, a rijiya, a gidan biki, a kan sallaya.

Amma abin da ya fi kukan zama a raina tambaya ce. Da ya sha ruwan cittar tun da safe, da ya tashi? Da Asumana ɗan Hadiza ya zo da irin ƙirjin kawunsa, ni na riƙa raka su likita, na samu hanyar tambaya. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, mutum ne mai haƙuri da tsofaffi. Ya ce citta ba ta buɗe ƙirjin da ya rufe, sai dai da ya bar aikin da wuri ya zauna, wataƙila, amma sani sai Allah. Shi ne kuma ya gaya mini shirun da fiton ya yi ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa. Na kwana biyu ina juya wannan. Ya ba Asumana ɗan gwangwanin feshi shuɗi wanda ake sa wa a baki a danna a shaƙa, yara na ce masa fom. Ranar da na ga yaro ya shaƙa, fito ya kwanta kafin a dama kunu, na karɓi abin na jujjuya shi, na girgiza a kunnena. Ban ji komai ba sai ɗan motsi kamar ruwa. Ina mamakin yadda iska ke maganin iska.

Tun daga nan na sa kunne. In mata sun zo ta'aziyya ko suna, sai in tambaya. Abin da na lura, a iya inda kunnena ya kai, ƙananan yara masu fuka ba sa tafiya kamar da. Uwa na jin fito za ta goya, a hau moto, wato babur, kafin rana ta yi zafi an kai likita. Waɗanda nake jin labarinsu yanzu manya-manyan yara ne. Wani saurayi a lambun albasa wajen Galma, an tarar da shi a bakin rijiya. Wata amarya a danginmu na Garhanga, wadda ta ɓoye fom ɗinta a gidan uwarta don kada dangin miji su ce an kawo musu mai ciwo. Wani kuma can wurin cin rani, sai a waya aka faɗa. Na tambayi manjo ko haka yake a ko'ina, ya ce shi ba zai yanke ba, abin da ya zo gabansa kawai ya sani. Ko da ma haka take muna ƙin gani? Ko ciwon ne ya canza? Ni dai abin da na iya haɗawa, yaro ƙarami yana da mai sauraron ƙirjinsa. Saurayi shi kaɗai ke jin nasa, kuma yana jin kunyar a ji.

Asumana a hannuna ya girma, shi ke noma mini gonar. Tsakanin kaka da jika ba kunya, sai wasa. Ina ce masa maigida, yana ce mini amarya, yana cewa sadakinsa ya tafi a banza tunda ba ni da haƙori. To bana da ruwan ya sauka, da safe suka fita shuka da abokansa. Na shiga ɗakinsa in ɗauko tsintsiya, sai ga fom a kan taga. Na ƙulle shi a bakin zanena, na ɗauki sanda, na kama hanya. Rabona da gona an daɗe. Sau da yawa na zauna a kan dutse ina hutawa.

Gonar tana nan yadda take, sai dai moto a jingine da aduwa, da waya a aljihun wani tana wa'azi. Sungumi dai shi ne. Tururin nan na tashi. Ban dubi fuskarsa ba, layinsa na duba, na ga abin da na zo gani.

Na ce, "Maigida, zo nan."

Ya zo yana murmushi yana haki. "Amarya, har gona? Kewa ta hana ki zama?"

"Wa ke kewar ƙirji mai kukan ƙofar kwano? Amshi, ka shaƙa."

Ya dubi abokansa, ya ce azumi yake. Na ce liman ya faɗa a masallaci marar lafiya yana da rangwame. Ya ce shi ba marar lafiya ba ne, kuma wani malami a waya ya ce abin yana karya azumi, wani ya ce ba ya karyawa, shi ba zai yi wasa da ibadarsa ba, in an sha ruwa zai shaƙa. Yana maganar yana yanka ta gunduwa-gunduwa don numfashi. Ɗaya daga cikin abokan ya ce in bar shi, ai namiji ne. Na ce masa in yana son ya ga inda ake ajiye maza, ya zo in nuna masa maƙabarta a bayan gari.

A gindin aduwar akwai jarka da aka kawo wa ƙananan yara masu bin layi. Na ja ta na buɗe. Tun da na yi hankali ban taɓa sa ruwa a baki da rana cikin watan nan ba sai da lalurar mata, har shekarar anza. Duk gari an san haka.

Na ce, "In ba ka shaƙa ba ni in sha. Gobe ƙiyama kai ka amsa tambaya."

Ya ce, "Ba ki iyawa, tsohuwa."

Na ɗaga jarkar da hannu biyu na sha. Ruwan da ɗumi, yana warin roba. Na sha har ya zubo mini a wuya. Wanda wayarsa ke wa'azi ya kashe ta. Ba wanda ya yi dariya. Asumana ya tsaya yana kallona kamar na mare shi, sannan ya fizgi fom ɗin, ya juya wa abokansa baya, ya danna. Na ce ya zauna. Na manna kunnena a bayansa, rigar sharkaf da zufa, na saurara. A hankali, a hankali, hanya ta buɗe. Ranar bai koma layi ba, abokan suka ƙarasa masa.

Kwanaki ya yi ba ya ce mini amarya, sai ya gaishe ni a tsaye ya wuce. Hadiza ta zo ta ce na sa su a bakin duniya, ana ta cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Na je wurin liman da kaina na kwashe labarin na gaya masa. Ya rufe baki da hannun riga yana dariya. Ya ce shi yaron ba komai a kansa, in ma azumin ya karye sai ya rama, ni mai lafiya ce na shiga matsala. Sannan ya ce tunda rai na so in tsare, in rama ranar, in kuma ciyar da mabukata in kaka ta yi, Allah ya san abin da ke zuci. Da Asumana ya ji, ya zo ya tsuguna ƙofar ɗakina ya ce dammunan da za a fitar daga guminsa za su fito, ya ga auren tsohuwa ba riba sai tara.

Yanzu salla ta wuce, hatsi ya kai gwiwa, ana noma. Kowace safiya kafin ya fita sai ya tsaya a ƙofata ya ɗaga hannuwa sama kamar a shingen jandarma, in lalube aljihunsa har in ji ɗan gwangwanin. Wata rana yana ciki. Wata rana sai ya koma ɗaki yana tsaki ya ɗauko. In an gama kaka zai bi mota da abokansa zuwa cin rani, ƙasar da ban san ko gabas take ko yamma ba. Jiya na tambaye shi wa zai riƙa lalube shi a can. Ya ce kada in damu, yana sauka zai nemi wata tsohuwar ya aura.

Na yi dariya har ya fita da hauyarsa. Sannan na ja ƙofa na yi kukana.